Farin Hayaƙi a Maƙerar Nagoda

"Kowa ya kwanta!"

Rana tsaka ce, ranar Alhamis, a gangaren rafin da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa da Tudun Wada. Masu tura kura shida suka ja suka tsaya, gumi na zuba. Mutum huɗu sun fito daga cikin rake, fuska naɗe da rawani, adduna a zare.

"Na ce a kwanta!" in ji Ɗantsoho, shugaban 'yan fashin. Wani lebura ya yi jinkiri — fau! — adda ta sauka a kafaɗarsa. Sauran suka zube ƙasa.

Yero, mai saurin hannu a cikinsu, ya yaye buhunan da aka rufe kayan. Ƙarfe ne mai faɗi, an naɗe shi kamar tabarma. Naɗi biyar. Uku baƙaƙe wuluk, biyu farare tas, suna ɗaukar ido.

Ɗantsoho ya juya wajen wanda ya tsaya a baya. "Maƙeri, kai ka san kaya. Wanne?"

"Farin," in ji Kailani.

"Baƙin fa?" in ji Muntaka, ƙaton cikinsu. "Kowane maƙeri zai saye shi."

"Kowane maƙeri kuma zai faɗi wanda ya sayar masa. Ku ɗauki farin."

Suka jawo takarkarai biyu daga cikin rake. Da nishi, da zagi, aka ɗora. Ɗantsoho ya kama igiya yana ɗaurewa, hannunsa dab da fuskar Kailani. A ƙaramin yatsansa akwai zoben baƙin ƙarfe mai zane uku. Kailani ya kalli zoben, ya ja nasa gefen igiyar.

"Mu cika wa rigarmu iska!" in ji Ɗantsoho. Suka nutse cikin rake.

To, bari in gaya muku abin da ya kai ɗan gidan mutunci cikin waɗannan 'yan iska. Zoben nan ne.

Kailani ɗan Baba Nagoda ne, maƙerin baƙi, wanda ya narka tama da hannunsa tun jirgi bai zo ba. 'Ya'ya biyu Allah ya bar masa, Kailani da ƙanensa Mika'ilu. Kowanne ya ƙera masa zobe mai zane uku, alamar gida. Mika'ilu bai so wuta ba, ya tafi turin kura a tasha. Bara, a wannan gangaren dai, 'yan fashi suka tare su. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗaga hannu sama, ya ce ga kaya nan. Duk da haka aka sare shi. Aka kawo gawa gida babu zobe.

Wata uku da yin haka, wani baƙo ya kawo adda a wasa masa. Kailani ya karɓi addar, ya ga hannun da ya miƙo ta. Ya wasa ta har tana aske gashi, ya ƙi karɓar ko anini, ya ce, "Irinku ba a karɓar musu." Daga ranar ya zama maƙerin Ɗantsoho.

Guduma ɗaya ta isa ta gama da mutum guda. Amma su uku ne suka tare Mika'ilu, kuma ukun yake so.

Kailani ya taɓa aikin shekara biyu a shagon wani kamfanin Turawa, inda ake yin bokiti da tankin ruwa. Can ya san farin ƙarfe. Ba fari ba ne har ciki, baƙi ne aka yi wa wanka da tutiya don kada ya yi tsatsa. A sanyi ake yanka shi. Ya ga ranar da wani sabon ma'aikaci ya jefa guntu a wuta: farin hayaƙi ya tashi, mutumin ya kwana uku yana amai da rawar ɗari. A fili ke nan, iska na kaɗawa. Ina ga ɗaki rufe, ga gawayi yana ci?

Su Ɗantsoho kuwa abin da ya gaya musu daban ne. Ya ce farin nan ɗan'uwan azurfa ne. In aka narka shi ya ɗiga, maƙeran fari na cikin birni za su yi rububinsa. Wawaye, suka yarda.

Da hantsin Juma'a, Saje Isiyaku, tsohon soja da ya koma ɗan sanda, yana zaune a ofishin kamfanin nan, wanda aka sace wa ƙarfen. Akawu Salmanu na ta kai da komo.

"Saje, ka san wahalar da muka sha kan ƙarfen nan? Tun damina aka rubuta takarda. Jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, ya yi wata guda a bakin teku. Sannan jirgin ƙasa. Wata bakwai muna jira. Mutum goma sha biyu ne a shago, sun naɗe hannu. In babu farin nan, Bature ya ce sallamarsu zai yi."

"Baƙin na mene ne?"

"Da shi ake ɗaure dilar auduga."

"Shi suka bari."

"Shi suka bari."

Saje ya shafa haɓa. "Ɓarawo ya bar abin da zai sayar a kowace maƙera, ya ɗauki wanda babu mai iya sarrafa shi sai ku. Malam Salmanu, in an sa farin a wuta fa?"

"Wa iyazu billahi. Hayaƙinsa guba ne."

"Wa ya san haka a garin nan?"

"Ma'aikatanmu." Akawun ya ƙara da cewa, "Sai wani maƙeri da ya bar mu. Ɗan Tudun Wada ne. Ƙanensa aka kashe a gangare bara."

Saje ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya leƙa waje ya ce da yaransa, "Mutum huɗu, ku biyo ni."

A lokacin nan Kailani ya gama shiri. Tsohuwar maƙerar bayan gida ya zaɓa, ɗakin ƙasa mai ƙofa ɗaya. Ya zaɓi Juma'a don Baba Nagoda kan bi amininsa Malam Ahmadu cikin birni tun da safe, sai la'asar. Ya toshe tagogin da tsumma da ɗanyen laka. Ya juye buhun gawayi biyu a murhu. Su Ɗantsoho suka mirgino naɗi ɗaya suka jingina a kai.

"Me ya sa ka liƙe ko'ina?" Ɗantsoho ya tambaya.

"Kana so 'yan sanda su hango hayaƙi daga tasha?"

"Kai fa, ina za ka tsaya?"

"Waje. Gidanmu ne. In wani ya zo, ni zan sallame shi."

Ɗantsoho ya daɗe yana kallonsa. Sai aka ji ƙwas, ƙwas, sanda na bugun ƙasa.

"Wa ya kunna min gawayi?"

Baba Nagoda ne. Malam Ahmadu ya tashi da zazzaɓi, tafiya ta fasa. Idon tsohon ya yi hazo, mutum sai inuwarsa yake gani, amma hancinsa garau yake.

Kailani ya tare gabansa. "Baba, ɗan aiki ne. Ka shiga gida ka huta."

"Sannu, Baba," in ji Ɗantsoho, murya kamar ta kirki. "Sabon ƙarfe muka sayo a kamfani. Farin Turawa."

Tsohon ya lalubo ƙofa, ya shiga, ya ɗora tafin hannu kan naɗin. Ya shafa. Ya ƙwanƙwasa da farce ya kara kunne. Fuskarsa ta washe. "Ikon Allah. Na narka tama, na bugi ƙarfen layin dogo, ban taɓa taɓa irin wannan ba." Sai ya juyo, ya ɗaure fuska. "Kailani, yaushe aka fara haka? Sabon ƙarfe zai shiga wuta a gidan nan, babu hannuna a zuga-zugi?"

Al'adar gidansu ke nan tun kakan kakansa. Duk ƙarfen da gidan bai taɓa bugawa ba, babba ne ke hura masa wutar farko. Yadda aka yi Kailani ya shirya komai ya manta da wannan, Allah kaɗai ya sani.

"Baba, ƙirjinka. Zafin zai yi maka yawa."

"Kai ka haife ni?"

"Bar tsoho ya yi aikinsa," in ji Ɗantsoho. Ya matso, ya dafa kafaɗar Kailani, ɗaya hannun a ƙotar wuƙa. Ya rage murya. "Ko akwai abin da zai hana mutum zama a ɗakin nan? In akwai, faɗa min."

Kailani ya kalli wuƙar. Ya kalli ubansa, wanda har ya zauna ya jawo zuga-zugi tsakanin ƙafafunsa.

"Babu," ya ce.

"To, ja mana ƙofa."

Ya ja. Ya ɗauko turmi ya tokare ta a hankali. Ya tsuguna, ya manna kunne.

Fuf-fuf, fuuu. Fuf-fuf, fuuu. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Bugun Baba ke nan. Da shi aka yi renon Kailani, ko cikin barci zai gane shi.

Kalma biyu kawai yake bukata. In ya yi ihu, "'Yan sanda!" ya ture turmi, kowa zai fito a guje. Baba zai tsira. Su ma za su tsira, da zoben Mika'ilu a yatsa, kuma ba zai sake samunsu a ɗaki ɗaya ba har abada.

Ya ce a ransa, kaɗan dai. Su jigata tukuna. Baba ya shekara sittin cikin hayaƙi, ya fi su juriya. Muddin zuga-zugi na kuka, lafiya yake.

Tari ya fara a ciki.

"Yana narkewa!" muryar Yero. "Ga shi yana ɗiga!"

"Ƙara gawayi!"

Farin hayaƙi ya fara tsiyaya ta saman ƙofa, ta tsagar bango, ta ƙarƙashin jinka. Wani wari mai ɗanɗanon ƙarfe ya shaƙe Kailani. Ya ja rigarsa ya toshe hanci.

Fuf. Fuf. Fuf. Fuf.

Bugun ya canja. Ya ji. Kada wani ya zo ya ce muku bai ji ba. Ɗan maƙeri ne, ya san wannan ba hannun gida ba ne. Amma a daidai lokacin ya jiyo Ɗantsoho na tari kamar zai amayar da hanjinsa, kuma wallahi daɗi ya ji. Daɗin da ya shekara yana jira. Ya ce wa kansa Baba ya gaji ne, shi ya sa. Ya ƙara danna turmin da gwiwa.

A bakin unguwa Saje Isiyaku yana tambayar wata mai ƙosai gidan maƙera. Bai jira amsa ba. Ya hango hayaƙi fari fat yana tashi bayan wata katanga. "Can! Ku ruga!"

Zuga-zugi ya yi shiru.

Bam! Bam! Ana dukan ƙofa daga ciki. "Buɗe, maƙeri! Buɗe, ɗan banza!"

"Baba!" Kailani ya kira. "Baba, amsa!"

Babu amsa.

Ya ture turmin — ƙofa ta wage — hayaƙi ya buge shi a fuska. Ɗantsoho ya faɗo waje da rarrafe, yana kakari. Kailani ya tsallake shi. Ya taka Yero a bakin murhu. Ga Muntaka ya kifa kan zuga-zugi, hannayensa har yanzu a kan fatar. Can jikin bango, an jingine tsoho, hularsa a cinya.

Ya sungume shi ya fito. Ya kwantar da shi a inuwar bango, ya yi ta fifita da riga, yana kira. Ya zuba masa ruwa. Ya kara kunne a ƙirji. Ya daɗe a haka.

Ɗantsoho yana kwance a gefe, yawu na dalala. Ya ɗago kai da ƙyar. "Tun farko-farko ya zube," ya ce, yana haki. "Muntaka ne ya karɓa. Ya yi ta kiranka, tsohon. Mun ɗauka ruwa yake so."

Kailani ya miƙe. Akwai guduma a bakin ƙofa. Ya ɗauka, ya ɗaga sama —

"Ajiye!" Saje ya riƙe hannun ta baya. 'Yan sanda biyu suka danne shi.

"Ku bar ni in gama," in ji Kailani. Ko ɗaga murya bai yi ba. "Shi kaɗai ya rage."

"Ka gama, Malam," in ji Saje. "Dubi can ka gani."

Ga yadda abin ya ƙare. Muntaka bai tashi ba. Yero ya kai la'asar ya cika. Ɗantsoho, shi da aka haƙa wa ramin, ya warke sarai cikin mako guda, sai da shari'a ta rataye shi saboda jinin Mika'ilu. Kamfani ya ɗauki naɗinsa ɗaya lafiyayye, ɗayan ya ƙone gefe, aka datse aka yi bokitai da sauran. Baba Nagoda kuwa an binne shi ranar, ɗansa na ɗaure a caji ofis. Lauratu, matar marigayi Mika'ilu, aka kai wa zoben. Ta ce a kai wa wanda ya saye shi da ran ubansa.

Shekara goma sha huɗu aka yanke wa Kailani. A gidan yari suka ji maƙeri ne, suka kai shi inda ake gyaran mari da sarƙa. Gandiroba ya nuna masa wuri ya ce ya zauna ya hura wuta.

Ya zauna. Ya ɗora hannu kan fatar. Bai yi niyya ba, hannun ne ya tafi da kansa: biyu gajeru, ɗaya dogo.

Ya saki zuga-zugin, ya ce don Allah a mai da shi fasa dutse.