Fiton Almuru a Gidan Tanko

Daga Tasawa har Mayahi, in ji Tanko Bakanike, ba a taɓa ci wa ɗan Adam mutunci irin yadda aka ci masa a rumfar mai shayi ba. Shi da ya shekara talatin bakin babbar hanya, mota ta wuce ya faɗi ciwonta bai ko ajiye kofi ba, shi ne Moctar mai walda ya duba a gaban jama'a ya ce kunnensa ya tsufa. Da gemunsa aka ja, da ya yafe. Kwana uku ya ƙaurace wa rumfar, abin da a ganinsa asara ce ga mai shayi da garin baki ɗaya.

Mota ce ta jawo maganar, wata tsohuwar motar Japan ja mai ƙofa biyu da ke ajiye ƙarƙashin itacen bedi a tsakar gidansa. Ta ɗansa Sufyan ce. Injinta ba fistan ko ɗaya, wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku ne ke juyawa a ciki, hayaƙinta kuwa zafinsa na sa ƙarfe ya yi ja. Sufyan ya ɗaura mata turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, Moctar ya haɗa masa kolektar, wato ƙarfen da ke karɓar hayaƙi daga bakin inji ya miƙa wa turbon. Wata huɗu yaron ya tuƙa ta. Da bazara sanƙarau ya shigo unguwa, ya ɗauke shi cikin kwana uku.

Ɗan fari ne, don haka uwa da uba babu wanda ya taɓa kiran sunansa, sai dai a ce yaron nan. Shi ma in ya dawo gida ba ya ƙwanƙwasa ƙyaure. Fito yake yi da baki, gajere sannan dogo, ƙanwarsa Hafsa ta ruga ta buɗe. Uwarsu Zara'u ta yi faɗa har ta gaji, tana cewa ba a fito da almuru, kiran mutanen ɓoye ne.

Bayan sadakar arba'in, wani yammaci da rana ta yi ja kaji suka fara hawa rumbu, Tanko ya tada motar, ya ce irin wannan inji ba ya son zama. Zara'u na tankaɗe, Hafsa na kwashe shanya. Ya ɗan taka totur, sai fito ya tashi daga cikin injin, gajere sannan dogo. Rariya ta tsaya a hannun Zara'u. Hafsa ta saki zanen da ta ɗauko ta nufi ƙofa, ta buɗe, ta tsaya tana duban hanya. Babu kowa sai akuyar maƙwabta.

Haka ya zama kullum. Inji na sanyi sai ya yi fito, in ya ɗumama ƙarfe ya kumbura sai ya yi shiru. Tanko ya yi ta bincike a idon jama'a, ya kara tiyo a kunne yana bin bututun hayaƙi, ya shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai. Moctar ya zo har gida da ruwan sabulu a gora.

Ya ce, "Yaya Tanko, kafin ta yi zafi mu shafa wannan a bakin kolektar, inda ya yi kumfa nan ne. Ko waldata ce ta tsage, ko bulon da ke ɗaure ta ya saki. Ga ma baƙin hayaƙi can ta ƙasa, ina hange."

Tanko ya sauke murfin inji. "Ranar da na fara riƙe kilen ɗaure bulon, kai ko wando ba a fara sa maka ba. Tahi da sabulunka ka yi wanka."

Washegari Moctar ya yi maganar kunne a rumfa.

A mako na uku abin ya sauya. Tanko ya kashe mota, ya zare makulli, ya yi alwala, sai fiton ya sake tashi, wannan karon daga bayan katanga. Tsakuwa ta fara sauka bisa kwano ɗaya-ɗaya, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Tulu ya fashe babu wanda ya taɓa shi. Hafsa ta daina cin abinci, da la'asar ta yi sai ta je ta zauna gindin ƙyaure. Zara'u ta roƙi mijinta ya bar tada motar.

"Baban Hafsa, don girman Allah ka ƙyale ta."

"In na ƙyale ta inji ya daskare. Ke mi kika sani a ƙarfe?"

Ran nan Hafsa ta buɗe ƙofa bayan fiton, ta ce, "Yaya, ka daɗe," ta faɗi. Da aka ɗaga ta, idanunta na kallon mutane kamar baƙi, maza uku suka kasa riƙe ta.

Aka ɗauko Malam Baƙo daga Kanan-Bakashe, tsoho siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fara karatu tun inuwar bedi na gajera har ta kai katanga. Gari ya yi tsit, ko jaki bai yi kuka ba. Can jikin yarinyar ya sandare, wata murya mai kauri, ta tsohon namiji, ta fito daga bakinta.

"Malam, rage. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. A tsohuwar rijiyar bayan gari nike, tun kakannin waɗannan ba su zo ba."

"Mi ya kawo ka gidan mutane?"

"Kira na aka yi. Kullum almuru a yi fito, in fito. In taso da tsufana in zo, ba sannu, ba tabarma. Na yi jifa ko za a kula, ba a kula ba. Yarinyar nan kaɗai ta buɗe mini ƙofa, ta ce na daɗe."

Zara'u ta matso. "Malam, tambaye shi. Yaron nan, ya gan shi?"

Muryar ta ce, "Baiwar Allah, ɗanki ba ya wurinmu. Wanda ya tahi can, ba mu da hanya zuwa gare shi."

Zara'u ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Baƙo ya ce, "Za ka bar ta yau."

"A ba ni motar."

"Ba taka ba ce."

"To a bar ni in riƙa zuwa ina ji daga bayan katanga. Ba zan taɓa kowa ba."

Tanko ya ɗago kai da sauri, har bakinsa ya buɗe. Malam ya dube shi sau ɗaya, ya koma karatu, yarinyar ta yi ta murƙususu har muryar ta ce ta yarda.

"Zan tahi, amma a rufe bakin da ke kira na. Muddin yana kira, ko ni ban zo ba wani zai zo, kuma ba duka ke da haƙurina ba. Da fito aka ɗauko ni, da fito za a raka ni. Sau ɗaya."

Malam ya ɗaga wa Tanko kai. Tanko ya tashi kamar mai ɗauke da buhun gero, ya shiga motar ya murza makulli, ya taka. Fiton ya tashi, gajere sannan dogo, ya bi ta kan katanga ya ɓace. Hafsa ta yi atishawa uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nike ji."

Duhu ya fara sauka, amma Tanko bai nemi fitila ba. Ya kashe inji, ya zaro kile daga aljihun rigarsa, ya zura hannu ƙasan kolektar inda ido ba ya kaiwa, ya ɗaure bulon ɗaya. Juyi ɗaya da kwata. Ya sake tadawa, injin ya yi gurnaninsa sumul. Ya taka, ya ƙara takawa, babu komai. Ya daɗe zaune hannu bisa sitiyari kafin ya kashe.

Bayan magariba, an raka Malam, Hafsa ta sha kunu ta yi barci, Zara'u ta kawo masa tuwo gindin bedi. Bai taɓa ba. Ta zauna nesa kaɗan tana duban motar.

Ta ce, "Fiton ya yi kama da na yaron nan sosai. Sai dai na biyun ya ɗan fi nasa tsawo."

Tanko ya juyo a fusace. "Bai fi ba. Ko da ƙiftawar ido bai fi ba. Kwana biyu na yi ina daidaita shi in kun fita, in sassauta in ɗaure, in sassauta in..."

Zara'u ba ta dube shi ba.

Ya juya kilen a hannunsa. "Na kwance bulon ne in duba kafin a sayar da motar. Na tada, sai na ji rabin fitonsa. Na ce bari in ƙarasa in ji sau ɗaya tak, daga nan in ɗaure." Ya goge fuska da hannun riga. "Moctar bai yi kuskure a waldarsa ba, kunnena ma lafiya lau yake. Shekara ashirin da huɗu ban kira sunan yaron nan ba, Zara'u. Ni ne na riƙa kira. Wancan bawan Allah amsawa kawai ya yi."