Lambar da Sailuba Ta Rubuta Masa

Ranar da Nasrullahi ya fara shiga ɗakin karatun da Sailuba ke aiki a Bagudo, ƙasa ya shigo da ita a cikin baƙar leda. Ya ajiye ledar a kan teburinta kamar wanda ya kawo tsaraba.

Sailuba ta ɗago kai a gajiye. Shekara uku tana zaune a wurin nan, fanka ba ta juyawa, masu zuwa kuma ba su wuce masu neman jarida da masu neman inuwa ba.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Malama. Littafi nake nema wanda zai gaya mini abin da ke damun wannan."

Ya buɗe ledar. Ƙasa ce ta fadama, samanta ya yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Ya ce gonar mahaifinsa ce a Illo, kuma tun rasuwar tsohon shinkafa ta daina tsayawa a cikinta. Duk shekara yana ƙara takin zamani, duk shekara tana ƙara lalacewa.

"Mene ne sunan littafin? Ko sunan wanda ya rubuta?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Da na sani ai da ban ɗauko ƙasa na yi ta yawo da ita a kan babur ba."

Dariya ta ƙwace mata, ita da ta manta rabonta da dariya a wurin aiki. Ta miƙe ta kai shi gaban akwatin katalog, wata tsohuwar durowa mai ƙananan aljihuna cike da katuttuka. Ta nuna masa cewa ba dole sai an san sunan littafi ba. Kowane fanni yana da lambarsa. Aikin gona yana cikin ɗari shida da talatin, ilimin ƙasar noma kuma 631.4 ne. Wanda ya riƙe lambar, ya je kanta kawai ya duba.

Kati huɗu suka samu. Yana karantawa a hankali, ita kuma tana kallon hannunsa da kaftun gona ya farfasa. Sai dai da suka je kantar, babu ko ɗaya. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ruwa ya shigo ɗakin ya cinye duk abin da ke layin ƙasa.

"Ni na mayar da su can ƙasa," in ji Sailuba, muryarta a sanyaye. "Na ga ba mai tambayarsu."

"To ga shi an zo tambaya," ya ce. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi fushin yi mata ciwo.

Daga ranar sai ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa, wai ko an samo littattafan. Su biyun sun san ba za a samo ba. Ya koma kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Manomina, amma a waya kawai, don a fili kunya ba ta barinta.

Da maganar aure ta kai gida, mahaifinta Malam Badamasi ya saurara har ƙarshe. Shi ma manomi ne a Sharabi, kuma labarin gonar Illo ya riga Nasrullahi isowa kunnensa.

"Ban ƙi yaron ba," ya ce wa Sailuba. "Amma ni ba na ba da ɗiyata ga gonar da ta mutu. In ga shinkafa ta tsaya a cikinta bana, sai a yi magana. In ba haka ba, ki yi haƙuri."

Ga kuma Abdulrashid, mai shagon kayan babur a Dole Kaina, wanda ya daɗe yana aiko gaisuwa. Ba mugu ba ne ko kusa, mutumin kirki ne, abin da ya sa zancen ya yi wuya ke nan. Innarta kan ce, "Sailuba, jira ma yana da iyaka." Ita kuwa sai ta ci gaba da tsintar wake.

Wata rana Nasrullahi ya zo ya zauna a benci, sharaɗin mahaifinta ya riga ya iso masa. A hira ya taɓa gaya mata cewa a Malanbil ta ƙasar Benin ya yi makaranta, a gidan kawunsa, don haka Faransanci ya fi Turanci zama a bakinsa. Ta yage takarda ta rubuta masa lambar nan.

"Ka tsallaka Benin. Ka nemi ɗakin karatu na makarantar aikin gona. Harshe zai canja, amma galibin ɗakunan karatu da wannan lambar suke jera ilimin ƙasa. Kada ka tsaya bayani, ka nuna musu ita kawai."

Ya tafi. Mako ɗaya, biyu, uku, ba kira ba saƙo. Layinsa a kashe. Wata maƙwabciya da ke fataucin atamfa ta ce ta gan shi a Malanbil, kuma kowa ya san kawun nasa yana da 'yan mata a gida. Wallahi Sailuba ta gaji. Ta gaji da duba waya, ta gaji da kare shi a gaban Inna, har ta fara tunanin ko shagon kayan babur ɗin ba shi ne hutu ba.

Sai ga saƙo daga baƙuwar lamba:

"Malamata, ki yafe mini, layina ba ya aiki a nan. A Malanbil ban samu ba, sai da na kai Kandi. Na nuna lambarki, mai kula da ɗakin karatun ya kai ni kanta kai tsaye. Littafi tara. Ba a fita da su, kullum ina zaune ina kwafa da hannu. Gishiri ne ya taru a gonar, ni kuma ina ta ƙara mata da taki. Akwai magani, amma ba zai yi miki daɗi ba. Ina zuwa."

Ta amsa: "Manomina, ka dawo kawai. Na gaji da rashinka fiye da yadda zan gaji da maganin."

Ya dawo a rame, da littafin rubutu cike da Faransanci da zane-zane. Maganin shi ne a haƙa magudanai masu zurfi, a yi ta cika gonar da ruwa ana sakinsa har gishirin ya wanke, a zuba takin gargajiya da ɓuntun shinkafa. Kuma bana kada a shuka komai.

Sailuba ta ture littafin rubutun gefe. "Baba shinkafa ya ce zai gani bana."

"Na sani."

"Ka shuka ko gefe guda ne. Ko ka ari gonar wani ka nuna masa."

"In na shuka, na sake kashe ta. In na ari ta wani, na fara zama da ke da ƙarya. Ni ma na gaji, Sailuba, amma ba zan iya ba."

Ta yi kuka a gabansa, ta ce masa ya fi son gonar a kanta. Ya tafi Sharabi da ƙafarsa ya durƙusa gaban Malam Badamasi ya faɗa masa komai. Tsohon ya ce, "Ka ji sharaɗina," ya juya ya shiga gida.

Damina ta zo ta wuce. Kowa a Illo yana yankan shinkafa, Nasrullahi yana cikin laka da shebur, mutane na wucewa suna cewa boko ya taɓa masa kai. Wata biyu Sailuba ba ta amsa saƙonsa ba. Amma da aka ce Abdulrashid zai turo manya, ta ce wa Innarta a ba shi haƙuri.

Bayan kaka, Malam Badamasi ya hau mota zuwa Illo bai gaya wa kowa ba. Ya tarar da saurayin a cikin rami har ƙugu. Ya zagaya gonar a hankali. Babu ko kan shinkafa ɗaya. Ya tsuguna a bakin magudana ya ɗanɗana ruwan da ke fita, ya tofar. Ya koma tsakiyar gonar ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sa a harshe. Kusa da ƙafarsa ciyawa ce ta fito kore, a wurin da shekara uku ko ita ba ta fitowa.

"Shinkafa na ce zan gani," ya ce. "Ban gani ba."

"Haka ne, Baba."

"Da ka ari gonar wani, da na sani kafin ka kai gida. Har na sa a duba mini." Ya kakkaɓe hannunsa a riga. "Fito daga ramin nan ka yi wanka. Ka gaya wa kawunka ina jiransa ranar Juma'a."

An ɗaura auren kafin a fara noman rani. Ba a yi wani babban taro ba, dangi ne daga Sharabi da Illo da waɗanda suka tsallako daga Malanbil, ana ta gaisawa da Hausa da Dendi. Da za a tafi da amarya, Malam Badamasi ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Sailuba, na ba ki ga mutumin da ya yarda ya rasa ki da ya yi mini ƙarya. Ki riƙe shi da kyau."

Ta ce amin cikin mayafi, tana kuka. A waje Nasrullahi yana tsaye jikin mota, ya kasa ɗaga kai ya kalli kowa.