Taku Talatin Zuwa Kudu

Ranar da Shee ya fara ganin Mishi ina wurin, don babu abin da ya faru a bakin ruwan Mombasa cikin shekara sittin ban sani ba. Ni ne Mzee Kombo, wato dattijo Kombo. Sau biyu teku ta kife da ni, abokan kwalekwalena duk na binne su. Ban taɓa shiga aji ba, amma masu digiri wurina suke zuwa.

Shee mai zanen gine-gine ne. Kamfaninsu aka ba aikin tashar manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido, wadda in lokacin jirage ya wuce za a riƙa hayarta don biki da taro. Yana cikin awo iska ta fizge takardarsa, ta yar da ita gefen kaskon da Mishi ke suyar kifi a rumfar ubanta. Ta ɗauka da hannun mai, ta ce yanzu gininsa ya samu ƙamshi. Tun daga ranar bai ci abincin rana a wani wuri ba.

Ita da kanta take karanta min saƙonsa: "Tauraruwata, na zana rufin kamar igiyar ruwa, sai ga murmushinki ya fito."

Ta mayar masa: "Maƙaryacina. Kifi ya kusa ƙarewa, ka yi sauri."

Sai Hamadi mai keken haya tuk-tuk guda uku, wanda ya daɗe yana sonta, ya samo hoton zanen ya kai wa ubanta, Bwana Athumani. Jan layin iyakar gini ya bi daidai ta kan rumfarsa. Da Shee ya zo gaisuwa, tsohon ya watsa masa ruwan wankin kifi a takalmi, ya ce mai rushe shi ba zai zama surukinsa ba.

Saƙon Mishi na ƙarshe gajere ne: "Wata huɗu kana cin kifinmu, kana sane."

Shee ya same ni ya rame. Na ce ya matsar da layin taku talatin zuwa kudu. Na ce ya gaya wa manyansa babbar cikar teku tana cinye ƙasan rumfar daga ciki, ni zan ba da shaida. Ruwa kuwa bai taɓa kaiwa nan ba.

Ya ce, "Mzee, a kudun akwai rumfunan mata goma sha ɗaya. Har da ta Gwaggo Mwanaisha, wadda ta raini Mishi bayan rasuwar uwarta."

Na ce, "Ɗana, matar aure kake so ko a ce maka mutumin kirki?"

Kwana uku ya yi yana nazari, sannan ya matsar da layin. Injiniyoyi suka zo, na nuna musu tabon ƙafata, na lissafa musu shekarun ambaliya, suna ta rubutawa kamar 'yan makaranta.

Shee bai ɓoye wa Mishi ba. Ta ce, "Kada Gwaggo ta taɓa ji." Ranar da katafila ta zo rushe rumfunan kudu, Gwaggo na tsintar kwanukanta a ƙasa, Mishi tana rumfar ubanta tana juya kifi, ba ta ɗaga kai ba.

Bayan shekara biyu aka buɗe tashar, bikinsu ne na farko a babban ɗakin. Ga shinkafar biriyani, ga kiɗan taarab, Bwana Athumani yana nuna surukinsa ga kowa. Gwaggo ta zo da kwandon mahamri, irin fankensu, gudunmawarta. Masu gadi suka ɗauka 'yar talla ce, kuma dokar wurin ta hana talla. Suka tasa ta har bakin titi.

Bangon ɗakin gilashi ne, yadda Shee ya zana. Mishi ta ga komai.

Ya ce, "Tauraruwata, me kike kallo?"

Ta ce, "Teku." Ta juya wa gilashin baya, ta kama hannunsa.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Rumfar Athumani tana nan, fasinjoji na layi a gabanta. Ni kuwa a kujerar gaba aka zaunar da ni, faranti biyu na cinye.