Lambar Bashar

Dab da magariba Gidaɗo ya je rufe kwantenar ƙarshe a wani sito a Al Warsan, can ƙasar Larabawa. Kayan 'yan kasuwar Kano ne, da safe za ta wuce tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali. Ya ƙirga leburori suna fitowa, shida cif. Ƙirga mutane ya zame masa jiki, don shekara goma sha tara ya yi yana helma, wato shugaban leburori, a wani ramin kwal a Najeriya.

Ƙa'idar ramin a fili take. Mai shiga ya rataye lambarsa ta tagulla a allo, in ya fito ya cire da hannunsa. Muddin lamba na allo, ba a daina tono. Ranar da ramin ya rufta, lamba ɗaya ta rage, ta wani lebura, Bashar. Manaja ya ce tonon zai tsayar da aiki wata guda. Gidaɗo ya zare lambar ya jefa aljihu. Aka gaya wa A'i, matar Bashar, cewa mijinta ya gudu. Shekara tara, ba saki, ba takaba. Kada kowa ya kira wannan kuskure, zalunci ne.

Lambar tana jakar kuɗin Gidaɗo har wannan magaribar. Ba ya tunaninta. Ba ya tunanin komai.

Ya shiga kwantenar ya duba ɗaurin kaya. Maimakon warin kwali, sai warin jiƙaƙƙen kwal. Ruwa na ɗiga a inda babu ruwa.

Ƙofa ta rufe a hankali.

Duhu. Daga can ƙuryar aka buga ƙarfe sau uku, irin bugun wanda ƙasa ta rufe.

Aka yi tari, dab da kunnensa.

"Helma, ba ni na cire ba."

Gidaɗo bai yi ihu ba. Iska ta fara ƙarewa, ƙura ta cika masa baki. Ya laluba jakar, ya laluba bango, ya sami ƙugiya, ya rataye lambar.

"Ga ta, Bashar. Fito."

Wasu yatsu masu sanyi suka goge nasa. Tagulla ta yi ƙara.

Ƙofar ta buɗe, ya faɗo waje. Leburori suka ce minti biyu kawai ya yi, suna ta yalla, yalla, wato a yi sauri, ana kiran salla. Ƙugiyar babu komai.

Wani malami a unguwar Al Nahda ya ce mamaci ba ya dawowa, aljanin rami ne. Gidaɗo ya ɗauki waya. Ya kira A'i ya faɗa mata komai, muryarsa kamar mai karanta jerin kaya. Ta tambaye shi ranar da ramin ya rufta, ya faɗa, ta kashe waya. Washegari ta shiga takaba.

Amma rajistar kamfanin kwal ɗin har yau "ya gudu" ta ce. Dole a goge, a rubuta "ya rasu a bakin aiki", a kai wa A'i takardar har gida. Kafin nan, kullum magariba Gidaɗo na ƙirga leburori shida, ya sami bakwai.