Tsakuwa a Cikin Tela

"Don girman Allah ka ajiye cokalin nan!" Amarya ta faɗa wa mijinta Tela, ta ɗora hannu a kan farantin soyayyen ƙwan da ke gabansa.

Inna, mahaifiyarsa, wadda ta soya ƙwan da hannunta, ta saki baki. "Ka ji da kunnenka ko? Ta gama sa maka ciwo, yanzu da yunwa za ta ƙarasa ka!"

"Inna, sikanin za a yi masa yau. Likita ya ce kada ya ci komai, in ba haka ba hoton ba zai fito ba."

Bayan aurensu ciwon ya taso. Da zarar ya ci maiƙo sai ƙasan haƙarƙarinsa na dama ya murɗe har kafaɗa, ya bar keken ɗinki ya durƙusa yana amai. Inna kuwa ba ta jira likita ba, ta riga ta yanke hukunci cewa a girki aka ba shi. Ta rantse in hoto ya nuna wani abu, yarinyar nan ta gama kwana a gidan. Tsoro biyu ke cin Amarya: kada ya mutu, kada kuma a raba su.

Tela ya ture farantin a hankali. "Yi haƙuri Inna, in mun dawo na ci."

Su ukun suka tafi asibiti. Ɗakin hoton duhu-duhu ne, ga sanyi. Mai hoton, wata mace mai gilashi, ta shafa masa wani abu mai yauƙi a ciki, ta ɗora kan na'urar.

"Ja numfashi, riƙe. Hanta lafiya. Ƙoda ma lafiya."

Sai ta tsayar da na'urar a wuri ɗaya, ta ƙura wa allonta ido. Amarya ta matso tana leƙen allon.

"Juya ta hagu." A allon wasu fararen ɗigo suka gangara, kowanne da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. "Tsakuwa ce a matsarmamarsa, 'yar jakar ɗacin nan da ke manne da hanta."

Inna ta rafka salati. "Tsakuwa! A cikin mutum! Ai na faɗa, jifa ne! Sake ta yanzun nan, ina tsaye!"

Amarya ta dafa bango tana kuka.

Tela ya ɗago, rigarsa a naɗe. "Inna, ban taɓa saɓa miki ba. Amma matar da ke riƙe min kai in ina amai? Wallahi ba zan iya ba."

"Mama," in ji mai hoton, "wannan ba haɗiyarta ake yi ba, ba kuma jefowa ake yi ba. Ruwan ɗacin ne ke daskarewa da kansa, yakan kuma bi dangi. Na lura kina yawan dafe haƙarƙarinki. Kin karya?"

"Ina na ga ta abinci?"

"To hau gadon."

Da ƙyar ta yarda. Da hoton ya fito, nata sun fi na ɗanta yawa da girma.

"Yaushe kika fara jin ciwon?"

Muryar Inna ta yi ƙasa. "Tun kafin ya fara koyon ɗinki. Na ɗauka gyambon ciki ne."

A lokacin ko sanin Amarya ba su yi ba.

"Yanka ni za a yi?" Inna ta tambaya. Duk faɗan nan ya zube, tsohuwa ce kawai a kwance cikin tsoro.

"Likita ne zai faɗa. Tiyata ce da ake yi kullum, ana warkewa."

Amarya ta share hawayenta, ta matso, ta goge wa Inna ciki, ta sauke mata riga. Inna ta damƙe hannunta gam.

"'Yata, ki yafe min. Kada ki bar ni ni kaɗai a ɗakin tiyata."

"Ina nan, Inna. Ba inda za ni."

Haka kuwa aka yi. Ita ta yi jinyar uwa da ɗa har suka miƙe, Inna ba ta karɓar ko ruwa sai daga hannunta.

Ciwo a kai shi asibiti, kada a rataya shi a wuyan wanda ya fi kusa. Da Inna ta samu yadda take so a ranar nan, da ta kori mai jinyarta da bakinta.