Reshen Murjanin Kumai

Da hantsin wata Litinin a daminar 1994, wani tsoho ya shigo caji ofis a Kafanchan, laimarsa na ɗigar ruwa.

"Yallaɓai, an yi mini sata, kuma sauran yana mutuwa."

Sunansa Silvanus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Sufeto Jibir ya goya shi a babur suka nufi gidansa.

A falo akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, fitila a samansa, ɗan inji na hura iska. A ciki murjani ne mai rai, rassansa jawur. An karye reshe ɗaya. Daga wurin karayar naman yana saɓulewa, farin ƙashi na ta cin gaba.

"Na ɗana Kumai ne," in ji tsohon. "A jirgin ruwa yake aiki. Bara ya faɗa teku, ko gawa ba a kawo mini ba. Cikin kayansa wannan kaɗai ke da rai."

"Me kake so in yi, Baba?"

"Gishirin teku da ya rage mini na canjin ruwa ɗaya ne. In na canja, wanda ya karya reshen ya sake tsoma hannu, shi ke nan. Ka nemo mini shi yau."

Jibir ya sunkuya. Wani siririn maiƙo na yawo a saman ruwan. Ya shinshina. Kananzir ne.

Ban da tsohon, mutum biyu ke shiga falon: maƙwabcinsa Musbahu mai fataucin citta, da Edna, matar marigayin.

"Wallahi rabona da ɗakin nan tun Sallah," in ji Musbahu.

"To carbin da ke kan kujera na fasto ne?" in ji Jibir.

Musbahu ya sosa ƙeya. "Kullum da la'asar nakan zo in zauna in kalla. Jiya na ga babu reshen, tsoro ya kama ni. Amma ni da ko rijiya ba na leƙawa, ina ni ina tsoma hannu?"

Jibir ya wuce kicin. Edna na ɗura wa risho kananzir, ta ja hannun rigar sanyi har tafin hannu, alhali ɗakin kamar tanda.

"Madam, naɗe hannun rigar."

Ta naɗe a hankali. Jajayen ƙuraje sun jeru a wuyan hannunta.

"Mai ne ya fantsamo mini, Yallaɓai."

"Mai ne ke ƙuna a jere kamar haƙoran matsefi? Ko dai murjanin ne ya harbe ki?"

Ƙudaje sun yanyame wani gwangwanin madara a bayan tulu. Jibir ya buɗe, wari ya buge shi. Ga reshen nan fari fat, da karyayyun allurai uku.

Edna ta durƙusa.

"Jibi iyayena za su zo daga Kwoi su tafi da ni, shekara ta cika. 'Yan'uwansa sun raba kayansa, ko agogo ban samu ba. Ƙwaya uku kawai na so in yanka in huda in rataya a wuya. Na ɗauka jan zai zauna, irin na murjanin amare. Kwana biyu ya koma fari, yana wari." Ta dubi gwangwanin. "Na sa Kumai ya sake mutuwa."

Silvanus yana tsaye a bakin ƙofa.

"'Yata, da kin tambaye ni."

"Na tambaya, Baba. Ka ce ko gilashin kar in taɓa."

Tsohon ya dafa bango. "Yallaɓai, na janye ƙara."

"An riga an rubuta, Baba. Sai ta zo ta ba da jawabi, sannan a rufe."

Ta ɗaura ɗankwali ta bi Jibir. Suna fita suka ji ƙas, ƙas. Tsohon ne da filaya, yana yanke kawunan rassan da farin bai kai ba don ya dasa su, yana kuka.

Bayan mako bakwai Jibir ya biyo ta unguwar. Cikin guntaye shida, biyu sun rayu. Jan nama ya rufe bakin yankan, har ya fara malala a kan dutse.

"Ɗaya na Edna ne," in ji Silvanus. "Amma ba ya fita daga ruwan nan, sai dai ita ta zo ta gani. Sau biyu na aika Kwoi."

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaishe ni."