Kuskure Na Goma

Ran da Tafinta ya fara taka shagon buga takardu na Baba Mai Jan Biro, fassarar wani ɗan littafin kiwon kaji ya kawo, Turanci a hagu, Hausa a dama. Auta, 'yar mai shagon, ita ce a gaban kwamfuta. Ta karɓa, ta ɗora rula a layin ƙarshe, ta riƙa bi daga ƙasa zuwa sama yadda mahaifinta ya koya mata.

"Malam, a gidanku ƙwai ake ba ruwa?"

"Ƙwai kuma?"

"Ga shi ka rubuta. A ba ƙwai ruwa sau uku a rana."

Ya leƙa. 'Yan tsaki yake nufi, kuma sau huɗu ya karanta shafin bai gani ba.

"Haka mu masu harshe biyu muke," in ji ta tana danne dariya. "Ma'ana na shiga kai, sai ido ya tsallake kalma."

Ya ji kunya, amma kunyar ba ta hana shi dawowa washegari ba. Kafin wata uku saƙo ya fara kai da kawo.

"Mai rulata, sau tara na karanta saƙonki ban ga aibu ba. Ko so ne ya rufe min ido?"

"Mai ƙwai, dama can idon naka a rufe yake. Ka ci abinci dai?"

Baba fa mutum ne mai zargi. Ko gaisuwa aka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Da maganar aure ta zo, ya ce wanda ya shayar da ƙwai ba zai riƙe masa 'ya da shago ba. Hankalinsa na kan ɗan amininsa, wani mai digiri biyu da takalminsa ba ya rabo da sheƙi. Sai da Mama ta sa baki sannan ya yarda a gwada su.

Ya rubuta shafi guda da hannunsa, ya binne kurakurai goma a ciki, ya ba Auta ta buga. A wata takarda daban ya jera wurarensu, layi kaza kalma ta kaza, ya kulle a durowa. Wanda ya fi tono su, shi ne angon.

Safiyar gwajin aka tarar da makullin durowar a sake.

"Ke kika buɗe wa Tafinta?" Baba ya tsare ta da ido.

"Wallahi Baba ban taɓa ba."

"To durowa ba ta da hannu."

Samarin biyu duk sun leƙo shagon jiya. Amma Auta ta tuna ta bar Tafinta shi kaɗai lokacin da ta shiga ciki ɗauko kwali. Zargi mugun baƙo ne, in ya shiga ba ya tambayar wurin zama. Ta rubuta masa:

"In kai ne ka taɓa durowar Baba, kada ka zo. Gara in rasa ka da in auri ɓarawo."

"Ban taɓa ba, mai rulata. Zan zo, ko da faɗuwa zan yi a gabanki."

Ba ta gaskata shi ba.

Aka zaunar da su a tebur ɗaya, kowa da shafinsa da jan biro. Mai digiri biyu ya gama cikin minti goma, ya miƙe ƙafa yana duba agogo. Tafinta kuwa ya aro rula, yana bi daga ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa har rabin awa ta cika.

Baba ya ƙirga. Ɗan amininsa goma cif. Tafinta bakwai.

Auta ta juya fuska hawaye na zubo mata. Bakwai ɗin nan ta wanke shi daga sata, ita ce kuma ta raba su. Ta ji haushin kanta kan saƙon da ta tura masa.

Sai dai Baba bai taɓa yarda da abin da ya zo da sauƙi ba. Ya gyara tabarau, ya ɗora rula, ya bi jan biron mai digiri biyu ɗaya bayan ɗaya. A layi na shida ya tsaya.

"Ɗana, karanta min nan."

"Likita ya duba marar lafiya."

"Me likitan ya yi maka ka zagaye shi?"

Baba ya ɗauko rubutun hannunsa. Shi tela ya rubuta a wurin, tarko ne. Auta ce da ta zo bugawa idonta ya tsallake telan, hannunta ya sa likita ba ta ma sani ba. Kurakurai tara ne a shafin. Na goman a cikin durowa kaɗai yake.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji Baba, "ban taɓa ganin wanda ya kama kuskuren da babu shi ba. Ka gaida babanka."

Mai digiri biyu ya fice ko sallama babu. Baba ya juyo ga Tafinta, ya daɗe yana kallonsa kamar shafin da bai gama yarda da shi ba.

"Biyu sun wuce ka."

"Sun wuce ni, Baba. Da za a ƙara min lokaci, sai in sake bi."

"An ƙara maka," in ji Baba, ya miƙa masa jan bironsa.

Auta ta matso murya ƙasa-ƙasa. "Ka yafe min, mai ƙwai. Na karanta ka da sauri."

"To sake bi daga ƙasa," ya ce yana murmushi.

Katin bikin su ukun suka duba shi, kowa da rularsa. Mama ce, mai karatu a hankali da yatsa, ta ce, "Ikon Allah! Ango biyu na gani a nan, ina amaryar?" Baba ya yi dariya har ya cire tabarau, abin da Auta ba ta taɓa gani ba.

Ranar ɗaurin aure ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Abin da ya wuce idon ɗaya, ɗayan ya gyara masa a hankali." Mama ta ce amin tana share ido da gefen mayafinta.